Ajin Laraba na Malama Zahida

Shekara goma sha ɗaya Malama Zahida ta yi tana koyar da tarihi a makarantar da nake koyar da lissafi, wata makarantar kuɗi ta Faransanci da Larabci a nan Zongo na Lome, a ƙasar Togo. Ajinta na jikin nawa, bangon da ya raba mu kuma bai kai rufi ba, don haka duk abin da ta faɗa wa yaranta sai ya shigo kunnena. Abin da zan faɗa a kanta, wani da idona na gani, wani ita ta gaya mini da bakinta.

An haife ta shekara huɗu bayan an rushe tsohon Zongo na cikin gari, an kwaso mutane zuwa nan bayan gari. Kakanta Bazazzagi ne, fataucin goro ya biyo har ya dire a bakin teku bai koma ba. Mahaifinta, Malam Saifuddeen, maɗinkin hannu ne. Babbar riga ɗaya sai ta cinye masa wata huɗu. Kafin ya sa allura, sai ya zana aikin a takardar buhun siminti: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi iri-iri. Zahida ce mai sa masa zare a allura tun tana 'yar shekara shida, don idonsa ya fara gajiya da wuri. A gefensa ta koyi ƙirga. Uwarta kuwa tana cikin matan da ake kira kiɗan ƙwarya idan an yi biki ko suna.

A makaranta ta tarar da wata duniya. Ranar zane, malaminsu zai zana wani ɗan itace da ba ta taɓa ci ba, ko gida mai bututun hayaƙi a kai, ya ce su kwafa. Wata rana ta gama da wuri, ta kewaye gefen takardar da dagi irin na babanta. Aka rage mata maki, aka rubuta da jan biro cewa ta ɓata takarda. Ta wuce har jami'a, ta karanta tarihi. Ta san gine-ginen Masar da gumakan Girka da labarin daular Mali, ta kuma dawo Zongo tana koyar da su yadda aka koya mata. Ta auri Tawfiq, mai sayar da kayan gyaran waya a cikin gari, suka haifi 'ya ɗaya, Yasmine.

Malam Saifuddeen ya rasu a 2016. Bayan sadakar arba'in, yayyenta maza suka share ɗakinsa za su sa ɗan haya. Ba ta nan ranar. Bayan kamar mako biyu ta tsaya wajen mai tsire a bakin titi za ta saya wa Yasmine, ya naɗe mata a takarda mai ruwan ƙasa. Sai da ta isa gida ta warware ta ga rabin aska takwas a jiki, mai ya jiƙe shi, ga rubutun ajami na babanta a gefe inda ya rubuta yawan zaren da aikin zai ci. Ta koma a guje ko mayafi ba ta gyara ba. Mai tsiren ya ce ai buhu guda aka ba shi, ya kusa ƙarewa. Ta zauna a ƙasa kusa da tukubarsa tana tsinta. Takarda goma sha ɗaya ta samu masu rai, cikin aikin shekara hamsin.

Ba ta yi faɗa da yayyenta ba. Abin da ya fi ci mata rai, in ji ta, ba su yi don mugunta ba, su dai ba su ga komai a jikin takardun ba.

A cikin watan ne kuma abu na biyu ya faru, wannan da kunnena na ji ta saman bango. Tana koyar da darasin wayewar al'ummomi, abin da ake kira sibilizasiyon da Faransanci, ta ce kowane yaro ya kawo misali ɗaya daga gidansu. Ba wanda ya ɗaga hannu. Can wata yarinya ta ce, "Madam, mu ai ba mu da sibilizasiyon. Mu baƙi ne. Nama da goro muke sayarwa."

Yara suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Na ji ta ajiye alli, sannan ta ce su buɗe shafi na gaba.

Da aka tashi na same ta zaune a ajin ita kaɗai. Ta ce, "Malam, shekara nawa ina gaya wa yaran nan abin da mutanen duniya suka gina, ban taɓa gaya musu abin da ke rataye a wuyan kakanninsu ba. Laifina ne."

Laraba da yamma ba a karatu. Ta je wajen mai makarantar, Alhaji Abdulrazak, ta roƙe shi aji ɗaya a wannan lokacin. Ta ce ba darasin zane take nufi ba, ba kuma na kiɗa ba. So take ta haɗa ɗinki da zayyanar allo da kiɗa a ɗaki ɗaya, a koya wa yara su tare da tarihin hanyar da suka biyo suka zo Lome, domin a ganinta abu ɗaya ne aka rarraba wa hannuwa daban-daban. Alhaji bai gane sosai ba, amma mutum ne mai kunya, kuma Malam Saifuddeen ne ya ɗinka rigar aurensa. Ya ce ta yi, in dai ba za a taɓa karatun jarrabawa ba.

Ɗinki ta iya gwargwado. Sauran biyun sai ta nemo masu su.

Malam Nu'uman ya haura saba'in a lokacin. Shi ne ake kai wa allo idan yaro ya sauke Alƙur'ani, ya ƙawata shi da ja da ɗorawa da kore, ya rubuta Fatiha a tsakiya. Da hannunsa yake dafa tawadarsa da ƙaro. Aikin ya ja baya, domin yanzu mutane sun fi son bugaggiyar takarda mai gilashi. Baba Audu kuwa shi ne makaɗin mahauta na ƙarshe a Zongo. A da, ranar kasuwa, kalangunsa ne ke sanar da unguwa cewa an yi yanka, kowane babban mahauci da takensa. Yanzu samarin mayanka waya suke kunnawa, shi kuma yana zaune a kan benci kusa da masu wankin kayan ciki, wanda ya tuna da shi ya miƙa masa tsoka.

Baba Audu ya amsa tun kafin ta gama magana. Malam Nu'uman ne aiki. Sau uku tana zuwa zaurensa tana durƙusawa.

Ya ce, "Ɗiyata, ubanki abokina ne, ba zan kore ki ba. Amma ni da makaɗi a tabarma ɗaya? Me zan ce wa mutanen da ke bina salla?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ba aya za a rubuta a wurin ba. Adon gefen kawai. Idan Malam ya tafi da shi a cikinsa, wa za a kai wa allo?"

"Allah zai kawo wani."

"Shekara nawa rabon da wani ya zo ya ce a koya masa?"

A zuwa na uku ya gindaya sharaɗi: zai koyar da farko, idan za a ɗauki kalangu zai fita. Ya kuma ba ta alluna uku na hannunsa, cikakku da ayoyinsu, a naɗe cikin buzu, don yara su ga yadda aikin ke ƙarewa. Ya ce kada su taɓa kwana a makaranta. Ta zo da su, ta koma da su gida, ta ajiye a inda babu abin da ke samansu. Ta ce ta yi alkawari.

Yara ashirin da uku suka zo ranar farko. Ni ma na leƙa, daga nan kuma ban cika fashi ba. Ba ta fara da bayani ba. Ta shimfiɗa ɗaya daga cikin takardun babanta, ta jingine allon Malam kusa da ita, ta ce su nemo abin da ya yi kama. Ba a jima ba suka gano dagin da ke ƙirjin riga shi ne a kusurwar allo, sai dai an juya shi. Ta ce su je gida su duba, duk inda suka ga irinsa su zo su faɗa. Mako na gaba wani ya gan shi a kuben wuƙar kakansa, wata a lallen ƙafar amarya, wata a murfin tsohuwar tasa. Sai ta zana taswira a allon bango, ta ja layi daga Kano da Zariya ya bi ta Borgu ya sauka Salaga, daga can ya gangaro teku. Ta ce, "Jakunan da suka ɗauko kanwa da baƙin rini, su suka ɗauko wannan. Ba a buhu aka zuba shi ba, a hannun mutane yake."

Haka ta riƙa yi, kowane wata da abin da za a bi. Watan da aka yi a kan ƙirge, yara suka ƙirga gidajen zayyana, suka ƙirga sukan allura a aska ɗaya, Baba Audu ya sa suka ƙirga bugu da tafi. Watan da aka yi a kan launi, Malam ya dafa tawada a gabansu, ita kuma ta ba su labarin marina da inda baba ke fitowa. Ta kawo kyallen saƙar Ebe, ƙabilar 'yan ƙasar nan, daga kasuwar Asigame ta ajiye kusa da saƙi na Hausa, ta ce su faɗi abin da kowanne ya ara daga ɗan'uwansa.

Malam ya cika sharaɗinsa. Da Baba Audu ya saɓa kalangu, sai ya ɗauki sandarsa ya fita. Amma ba ya tafiya gida. Akwai dakali a ƙarƙashin taga, nan yake zama ya ba ajin baya yana jan carbi, wai yana jiran rana ta yi sanyi. Wata Laraba Baba Audu yana nuna wa yara yadda kalangu ke magana, yana matsa tsarkiya a hammata murya ta hau ta sauka, yana jero taken sarakunan fawa na tsohon Zongo ɗaya bayan ɗaya. Yara na ƙoƙarin kama kalmomin. Sai muka ji murya daga taga.

"Audu, ka tsallake ɗaya. Kafin wannan akwai Bakatsinen nan mai ido ɗaya. A gabana aka naɗa shi."

Baba Audu ya dakata, ya ce, "Gaskiyar Malam." Ya koma baya ya buga taken. Malam bai juyo ba, amma ya gyaɗa kai.

Shekara biyu da rabi aka yi haka. Ba zan ce duk yaran sun zama wani abu ba. Wasu don tafi da dariya suke zuwa, yawansu ma ya ragu zuwa goma sha huɗu. Amma na ga yaran da ke jin kunyar yin Hausa a gaban 'yan ajinsu na cikin gari sun fara gardama a kan wane dagi ya fi wuya.

Ƙorafi ya fara tun a shekarar farko. Wani uba ya ce bai kai ɗansa makaranta don ya zama maroƙi ba. Wani ya ce an mayar da makarantar Musulmi gidan rawa. Alhaji yana ta ba da haƙuri, har shekarar da sakamakon jarrabawar gama kwaleji ya yi muni. Ba darasinta ne aka faɗi ba, nawa ne. Amma iyaye suka taru suka ce a mayar da yammacin Laraba lokacin bita, duk azuzuwa. Alhaji ya kira ta ya ce, "Madam, ba ni da ɗaki kuma. Sai dai sito na baya, in za ki iya."

Siton yana gangare, bayan banɗakuna, taga ɗaya gare shi. Ta share shi da kanta, ta sa tsohon kabad a ciki, ta jera allunan yara da zare da takardun babanta. Baba Audu ma ya fara barin kalangunsa a can, don ƙafarsa ba ta son kaya.

A watan Yuni na 2019, wata Laraba, hadari ya haɗo tun kafin a tashi. Ta sallami yara, ta tsayar wa dattawan biyu zemijan, masu babur ɗin haya, suka tafi. Kafin ta samu nata, yayyafi ya fara. Ta tsaya a ƙofar sito da buzun alluna a hannu. Idan ta hau babur da su, ruwa zai same su, tawadar Malam kuwa ko ɗigo ba ta jurewa. Ta ce a ranta kwana ɗaya ne. Ta taka kujera ta ɗora su a can saman kabad, ta kulle, ta tafi.

Kwana biyu ana ruwa. Kogi ya cika ya tumbatsa, rabin unguwa ya zama tafki, babu mai iya fita. Ranar Juma'a da safe ta kutsa cikin ruwa har gwiwa ta iso makaranta. Ta tarar mutane sun riga ta. Ruwa ya ɓalle ƙofar siton, kabad ya kife, kayan ciki sun fito tsakar makaranta suna yawo cikin ruwan da ya haɗe da na banɗaki. Alluna uku na Malam sun fita daga buzu. Ɗaya ya tokare a jikin kalangun Baba Audu, rabin Fatiha ya wanke, rabi yana nan ana karantawa. Wani ya riga ya ɗauki hoto.

Ta shiga ta tsamo su ta rungume a ƙirji, ruwan ƙazanta na bin rigarta. Takardun babanta kuwa sun narke, ko guntu ba a samu ba. Ba ta ma neme su ba a ranar.

Kafin azahar hoton ya gama wayoyin Zongo. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi. Abin da ake faɗa shi ne malamar tarihi ta haɗa Alƙur'ani da ganga a bayan masai. A wani masallaci an yi huɗuba a kan masu ilimin boko da ke wasa da abin da ba su san girmansa ba, ba a kama suna ba, ba a kuma bukatar a kama. Ranar Litinin Alhaji ya kira ta ofis, idonsa a ƙasa. Ya ce iyaye arba'in sun ce ko ita ko 'ya'yansu.

Ta ce, "Alhaji, ka bar ni da tarihin kawai. Na bar ajin Laraba."

Ya ce, "Ya wuce nan, Madam. Ki yafe ni."

Ta wanke allunan da ruwa mai tsabta, ta zuba ruwan a gindin bishiya inda ba a takawa, ta kai wa Malam Nu'uman. Ya karɓa ya juya su, farare fes, sai ɗan jirwayen ja a gefe. Ya ce, "Na ce kada su kwana." Ta fara bayani, ya ɗaga hannu. Ya shiga gida ya bar ta durƙushe a zaure.

Daga nan ne na ga ta zama wata iri. Ta rame. A kasuwa mata na amsa gaisuwarta da ka. An daina kiran uwarta biki. Tawfiq bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma ya ce, "Maman Yasmine, ki dubi yarinyar nan. Jiya ta dawo tana kuka, an ce mata uwarta ta jefa allo a masai. Ki bar abin nan haka."

Ta ce, "Baban Yasmine, mutum biyu ne suka rage, dukansu sun haura saba'in. In na bari yanzu, ba a jima ba babu abin da za a koma a ɗauka."

Ta rubuta takarda shafi goma sha biyu da Faransanci tana bayanin ajin, ta shiga yawo da ita. Ofisoshi nawa ta shiga, ban sani ba. A wani wuri aka ce kiɗa na wani sashe ne, zane na wani, tarihi kuma na ma'aikatar ilimi, ta zaɓi ɗaya. Ta ce ai rashin rabuwar shi ne aikin. Aka ce to babu gurbin da za a sa shi. A wani wurin aka tambaye ta ko wannan al'adar Togo ce ko ta Nijeriya. Ta ce a Lome aka haife ta, a Lome aka haifi ubanta. Aka ce ta dawo bayan wata uku.

A unguwar Djidjolé akwai wani gidan al'adu mai zaman kansa da ya nuna sha'awa. Matar da ke riƙe da shi ta ce zayyana da ɗinki ba sa tara jama'a, amma tana son makaɗin. Idan ya yi wasa a taronsu na Asabar da yamma ya burge, za a duba maganar ɗaki. Zahida ta san ba abin da take nema ba ke nan, amma ta yarda. Ta sayar da 'yan kunnenta aka sake wa kalangu fata. Ta ɗauki Baba Audu suka je. A can aka cire masa rigarsa aka ɗaura masa wani zane, aka maƙala masa farin wuri a goshi, irin shigar da bai taɓa gani ba, aka ce ya fi kyau a hoto. Aka ba shi minti bakwai tsakanin masu rawa biyu. Ya fara jero taken sarakunan fawa, babu mai jin Hausa a wurin, mutane na shan lemo suna hira. Kafin ya kai na huɗu aka kunna kiɗan masu rawa a lasifika.

Da suka dawo Zongo suka sauka ya ce, "Malama, kada ki ƙara kai ni inda ba a san abin da nake faɗa ba." Maganar ɗaki kuma ba a sake tayar da ita ba.

Ta yanke shawarar ta ɗauki muryar kalangun a waya, ko da aji babu. Suka sa rana. Kwana huɗu kafin ranar, Baba Audu ya faɗi a mayanka, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Na raka ta duba shi a ɗakin da 'yarsa ke jinyarsa. Ta ajiye masa kalangu a cinya, ta sa masa makaɗi a hannun hagu, ta kunna wayar. Ya buga sau biyu, sandar ta suɓuce. Ya yi ƙoƙarin faɗin sunayen da baki, abin da ke fita ba ya kamuwa. Tana ta matsowa da kunnenta tana cewa, "Baba, sake faɗa. Wane ne bayan Bakatsine? Baba, sake faɗa." Hawaye na bin gefen fuskarsa. Sai da 'yarsa ta ce, "Yaya, don Allah ki ƙyale shi haka." Ta kashe wayar. A waje ta jingina da bango ta ce mini, "Shekara biyu da rabi yana bugawa a gabana. Ban ɗauka ba. Ina ganin kullum akwai wata Larabar." Ya rasu bayan wata biyar.

Malam Nu'uman bai sake yi mata magana ba sai bayan shekara biyu, lokacin da babban ɗansa ya zo zai tafi da shi Katsina gaba ɗaya. Saura kwana tara tafiyar ya aika a kira ta. Ta zo ta tarar ya ajiye allo fari da alƙalami da kwalaben tawada uku.

Ya ce, "Na jira ko wani namiji zai zo. Ba wanda ya zo. Zauna."

Kwana tara tana zuwa daga hantsi zuwa azahar. Hannunsa na karkarwa, sai ya kwatanta da yatsa ita ta ja. Ya ce shi ya san zubi goma sha bakwai na zayyana. A kwana tara ta kama biyu, na uku ba su gama ba. Ranar ƙarshe ta ce, "Malam ya yafe mini?"

Ya ce, "Tun tuni. Ruwa na Allah ne. Amma alkawari kin saɓa, wannan ki riƙe shi." Ya ba ta alƙalamin, bai ba ta allo mai aya ba.

Yanzu tana koyar da yaran masu hali a gidajensu a unguwar Bè-Kpota, tana hawa babur sau biyu kafin ta isa. Babu makarantar Zongo da ta sake ɗaukarta. Laraba da yamma yara mata uku na zuwa tsakar gidanta, da Yasmine huɗu. Tana koya musu aska biyu da zubin zayyanar da ta samu. Kalangun Baba Audu na rataye a ɗakinta, 'yarsa ce ta kawo mata, amma ba ta iya shi ba. Sai ta kifa ƙwarya irin ta uwarta ta buga abin da kunnenta ya riƙe na taken, ta kuma gaya musu gaskiya cewa ƙwarya ba ta hawa ba ta sauka, maganar ba ta fita.

Bara aka ce mata akwai wani tsohon makaɗin mahauta a garin Atakpamé da ya taɓa zama a tsohon Zongo. Ta shiga mota ta tafi. Ta same shi da ransa da lafiyarsa, a ƙofar masallaci. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ya tuba da kiɗa tun da ya dawo daga Makka, ba zai buga ba, ba zai faɗa da baki ba. Ta ce ko sunayen kawai, ba tare da take ba. Ya ce sunan da taken a tare suke zuwa masa, in ya buɗe wa ɗaya ɗayan zai biyo. Ta durƙusa a gabansa a bakin titi har mutane suka fara tsayawa kallo. Ya tashi ya shiga masallaci. Ta jira har aka idar da la'asar, ya fita ta wata ƙofar.

Na je gidanta Larabar da ta biyo baya. Tana buga ƙwarya, yaran na tafi, ta kai take na biyar ta tsaya. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Madam, sai wane?"

Ta ce, "Akwai huɗu a gaba. Ban san su ba."

Ta ce su ɗauko allura. Da suka duƙufa a kan ɗinki ta matso kusa da ni, ta rage murya. Wai an gaya mata akwai wata tsohuwa a unguwar Nima ta birnin Ankara, can tsallaken iyaka, 'yar wani sarkin fawa, mai yiwuwa ta riƙe kirarin gidansu. Ba ta da sunanta, ba ta san layin ba, ba ta kuma gaya wa Tawfiq ba tukuna. Ta tambaye ni ko na san wani a Nima. Na ce akwai ɗan ƙanwar babata, amma mun daɗe ba mu gaisa ba. Ta miƙo mini wayarta ta ce in sa mata lambar yanzu.